Impalar Kakanmu Da Sikelin 'Yan Gwangwan



In ka tambayi yaron Agege na yau wace mota ce 'yar Amurka, ba zai wuce ya nuna maka tirelar Mack ba, mai ɗan karen ƙarfe a kan hanci, wadda ke sauke shanu a mayankar Oko-Oba. Bai yi ƙarya ba. To amma akwai wasu 'yan Amurkan da iyayenmu suka gani a titunan Ikko, waɗanda girma kawai suke ɗauka: Chevrolet, Pontiac, Cadillac, dogaye masu faɗi kamar kwalekwale. Ɗaya daga cikinsu tana bayan gidanmu har gobe, a kan bulo huɗu.

Chevrolet Impala ce ƙirar 1964. Kakanmu, Allah Ya jiƙan sa, ɗan goro ne. A Agege da Shagamu yake saye, a ɗaure huhu, a loda a jirgin ƙasa zuwa Kano. Da ciniki ya yi albarka sai ya sayi motar hannu na biyu wajen wani lauya Bayarabe. Fitilunta na baya uku-uku ne, kujerar gaba doguwa kamar benci, injin silinda takwas, but ɗinta kuwa mu huɗu muke ɓuya a ciki muna yara. Sitiyarinta a hagu yake, alhali a lokacin hannun hagu ake tuƙi a Nijeriya, irin na Ingila. Alhaji, wato mahaifina, ya ce in za a wuce wata mota sai na kujerar dama ya leƙa ya ce "hanya!" Sai ga shi a watan Afrilun 1972 gwamnatin Gowon ta mayar da tuƙi hannun dama. Rana ɗaya motar kakanmu ta zama mai gaskiya, sauran suka koma masu laifi. Alhaji bai taɓa ba da labarin nan bai yi dariya ba.

Ko hatsari ba ta taɓa yi ba. A 1975 aka soma haɗa Fijo a Kaduna da Volkswagen a Ojo, kayan gyaransu suka cika kasuwa, nata kuwa suka yi wuya, ga shan mai kamar raƙumi ya samu rijiya. Tun kafin a haife ni aka jingine ta. Ni dai na same ta kaji na ƙwai a ciki, kuma a kan sitiyarin nan na kai ƙannena Kano da Makka ba adadi.

Son ta ne ya ja ni kallon tsofaffin motocin Amurka a YouTube in kasuwa ta yi sanyi a shago, har na faɗa kan wani tsere nasu mai ban al'ajabi. Mota biyu ake jerawa a miƙaƙƙen titi, ba kwana, tsawonsa rubu'in mil, wato mita 402. Ƙungiyarsu NHRA tun 1951 take. Manyan cikinsu, da ake kira Top Fuel, an rage musu tazara zuwa mita 305 a 2008 bayan mutuwar direba Scott Kalitta, kuma suna cinye ta cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu, da gudun da ya haura kilomita 500 a awa. Sai an saki lema a baya suke tsayawa, sannan a kwance injin kaf a sake ɗaurawa kafin zagaye na gaba. Jama'a, daga Pen Cinema zuwa Oshodi mu kan yi awa guda a cunkoso, wasu kuwa daƙiƙa suke rabawa gida dubu!

Amma waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne na wauta. A 1961 wani Tommy Ivo ya jera injin Buick huɗu a mota ɗaya, ƙafafu huɗu duk suna ja, hayaƙi ya rufe shi har ba a ganin sa. Akwai wata a-kori-kura ƙirar Dodge, Little Red Wagon, da aka ɗora wa ƙaton inji a bayan direba. Da an taka ta sai ta ɗaga ƙafafun gaba kamar dokin hawan Salla, ta tafi a haka. Bill Golden ya shafe shekaru yana cin abinci da wannan ɗagawar. Akwai kuma Shockwave, kan tirelar Peterbilt mai injin jirgin sama uku, wadda ta yi hatsari ta kama da wuta a Michigan a 2022, direbanta Chris Darnell ya mutu.

Na nuna wa wani tsohon bakanike na layinmu motar Ivo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da Hausarsa ta Agege, "Wannan ai aikinmu ne, su dai sun ƙoshi." Gaskiya ya faɗa. Mutumin da ya sa injin wata mota a jikin wata, ya ƙara wa Mack sifirin don ta ɗauki abin da maƙerinta bai yi mafarki ba, hannunsa ɗaya da nasu. Mu kaya muke nema, su tafi suke nema.

Yanzu magada sun amince a ba mai gini filin bayan gida, dole motar ta tashi. 'Yan gwangwan sun zo sau biyu, kuma yaranmu ne 'yan Arewa, da Hausa suka taya ta, kilo-kilo, kamar tsohuwar tukunya. Na ce, "Alhaji, don Allah ku bar mini ita, zan nemi inda zan ajiye." Ya ce, "Kai yaro, da wane man za ka tashe ta? Tun da aka cire tallafi a 2023 ko janareto sai mun yi shawara." Ban iya ba shi amsa ba. Amma na lura duk zuwan da suka yi, shi ne ke tsawwala kuɗi har su yi fushi su tafi.

Mai gini ya ce bayan Babbar Salla zai kawo yashi. Na riga na kwance fitilun baya guda shida da ɗan tambarin barewar da ke gefe, suna cikin kwali a ƙarƙashin kanta. Sitiyarin ne ya ƙi fita, noti ya yi tsatsa, kwana uku ke nan ina zuba masa baƙin mai.