Yadda na gano wayar RPM a Golf ɗin yayana, bayan na jawo masa asarar wuni guda

Ni ba mai wayarin ɗin mota ba ne, gyaran waya nake yi, shekara ta shida kenan a kan tebur da mita da dalma. Amma ka san halin gida, da zarar an ga kana riƙe mita, to komai ya lalace kai za a kira, daga fanka har injin markaɗe.

Yayana yana haya da Golf 3. Wanda ya san motar ya san akwai irin wadda a dashbod ɗinta babu allurar RPM, sai wani ƙaton agogo a gurbinta. Silon motar ya riƙa sauka yana tashi, bakanike kuma da kunne yake saitawa, ga mai ya yi tsada. Sai ya sayo agogon RPM na ɗaurawa a kasuwa, ya ajiye min a shago ya ce, "Kai da ka iya haɗa waya, ɗaura min wannan."

Wayoyi huɗu ne a jikinsa. Ja na zuwa wutar da ke kawowa in an murɗa makulli, baƙi na zuwa bodi, ɗaya ta fitilar dare ce. Waɗannan ukun ko yaron shago zai haɗa. Ta huɗun, koriya, ita ce ta sigina, kuma a kanta na yi abin kunya.

Na kalli wani bidiyo na ga mutumin ya haɗa da wata waya mai launi kaza, na je na nemo mai kama da ita a kusa da distiributa, na feƙe na ɗaure. Allura ta motsa, na ce shi kenan. Washegari ya yi lodi, bai yi nisa da tasha ba mota ta fara shaƙewa, daga ƙarshe ta mutu a titi. Fasinja suka sauka, ya mayar musu da kuɗinsu, aka turo mota. Ashe wayar da na taɓa ita ce mai kai wa ƙwaƙwalwar motar labarin juyawar inji daga sensa, agogon nan ya janye siginar ya raunana ta. Yaya bai yi min faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Yau dai ba cefane." Wallahi da ya zage ni ya fi min sauƙi.

Abin da na fahimta bayan nan shi ne, launin waya ba hujja ba ne. Mota iri ɗaya ma launi na canzawa daga shekara zuwa shekara, balle namu da riwaya goma sun riga sun sa hannu. Siginar RPM ba wuta ce tsayayya ba kamar ta batir. Bugu ne, kamar bugun zuciya, yana ɗaukewa yana dawowa, kuma yawan bugun ne ke ƙaruwa in an taka totur. To abin da za ka auna kenan.

Ka samu mita mai Hz. Ƙaramar rawayar nan DT830 da yawancinmu muka fara koyo da ita ba ta da shi, sai ka ara. Baƙin tsinke a bodi, jan tsinke a wayar da kake zargi, mota na silo. Injin silinda huɗu yana ba da wuta sau biyu a kowane juyi ɗaya, saboda haka abin da mita ta nuna ka ninka shi sau 30. In ka ga 25, injin na juyi 750 a minti. In ka ga 30, 900 kenan. Sa wani ya ɗan taka totur, in lambar ta hau tare da ƙarar inji ta kuma sauko tare da ita, ka kama hanya. In ta tsaya cak, ba ita ba ce, ko da launinta ya yi daidai da na bidiyo.

A mota mai distiributa da kwayil ɗaya, irin Golf ɗin nan ko tsohuwar Fijo 504, wurin yana jikin kwayil. Duba da kyau za ka ga lamba 15 da lamba 1. Ta 15 wutar makulli ce, ta 1 ita ce mai bugun. Nan na mayar da koriyar wayar, na duba ɗan makunnin da ke bayan agogon mai 4, 6, 8 na ajiye shi a 4, tunda in ka bar shi a 6 ko 8 ƙarya zai riƙa yi maka. Amma ka kula, lamba 1 tana harbo wuta mai kai ɗaruruwan bolt na ɗan ƙiftawar ido. Agogon da aka yi don kwayil zai jure, amma kada ka kai ta kai tsaye kan wani ƙaramin bod mai aiki da bolt 5, nan take zai ƙone. Ita kanta mitar wani lokaci lambarta kan yi tsalle a wurin saboda haka.

Motocin da kowane fulogi ke da nasa kwayil, labarin ya ɗan bambanta. A Toyota da yawa ba sai ka feƙe komai ba, siginar na nan a fil na 9 na soket ɗin OBD2 mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Ka ƙirga da natsuwa fa, domin fil na 16 da ke ɗaya ƙarshen wannan layin wutar batir ce kai tsaye. Ana kuma iya ɗauka daga injekta, ba wayar da ke ɗauke da 12 a kullum ba, ɗayar da ƙwaƙwalwa ke bugawa, sai dai bugunta bai kai na kwayil yawa ba, dole na'urarka ta zama mai karɓar saiti. Masu dizal kuwa babu kwayil sam, tsofaffin daga altaneta ake ɗauka, a ƙafar da aka rubuta W.

Abu biyu ne ba na taɓawa yanzu ko an biya ni: wayar sensar kiranshaf, da duk wata waya mai rawayan soket, domin ta jakar iska ce. Fitilar gwaji mai kwan fitila ma ka ajiye ta gefe in ka zo wayoyin ƙwaƙwalwa, tana jan wuta fiye da yadda suke ɗauka.

In kuma ganin RPM kawai kake so, kuma motarka tana da OBD2, ɗan ELM327 mai Bluetooth da manhajar Torque a wayarka sun ishe ka, ba yanka ba ɗauri. Da motar Yaya ta yarda da shi da ban taɓa ko salatif ba.

Wayar da na feƙe na koma na yi mata dalma na rufe ta da kyau. Da agogon ya fara aiki muka ga silon yana lilo tsakanin 600 da 1,100, bakanike ya bi ya samu wata robar iska da ta tsage a bayan inji. Kuɗin cefanen ranar nan kuwa, a gyaran sikirin biyu na haɗa na kai wa matarsa, ban gaya masa ba.