Naman Kazan da Na Bari a Daji

Mu a gida laimar kwaɗi muke ce masa, kuma tun muna yara Inna ta hana mu taɓa shi. Shi ya sa da na je hutu wurin Yaya a Brno, Jamhuriyar Cek, na ga mutane da kwanduna suna shiga daji nemansa, sai da na riƙe baki.

Ran Asabar wani dattijo maƙwabcinsa ya tafi da mu dajin itatuwan ok, masu kaɗe ganye lokacin sanyi. Ni na fara hango shi: hularsa ja-ja, jikinsa rawaya. Har na kai hannu, dattijon ya riƙe ni.

Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin hular. Ƙananan ramuka ne kamar soso, ruwan ɗorawa. Ya ce wannan shi ne Butyriboletus regius, sarkin naman kaza. Akwai ɗan uwansa mai guba, Rubroboletus satanas: hularsa fari-fari, ramukansa ja, in aka yanka ya koma shuɗi. Wanda ya ci shi, amai da gudawa sai sun galabaitar da shi.

Na ce, "Baba, to tunda ana ci, mu tsinka mana!" Yaya ya fassara. Dattijon ya girgiza kai: ya yi ƙaranci har doka ta hana ɗibarsa.

Wallahi na ji haushi. Hoto kawai na ɗauka. Amma yanzu a dakin gwaje-gwaje, duk samfurin da aka miƙo mini, sai na juya shi na duba kafin in buɗe baki.