Farantin Ƙuli-ƙuli Ne Makarantata ta Farko

Ina da shekara tara Inna ta fara ɗora mini farantin ƙuli-ƙuli a ka, a garinmu Zermu, cikin ƙasar Miriya. Ranar farko na zaga gari ina "ga ƙuli, ga ƙuli" har muryata ta dishe, na dawo da faranti kusan yadda na fita da shi. Inna ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Ɗiyata, wa bai san ƙuli ba? Ki ce na yau ne, da ɗuminsa, biyar dala. Kuma ki tsaya gindin bedi bayan la'asar, inda maza ke hutawa." Washegari kafin magariba faranti ya koma wayam.

Malamina na biyu sankiran garinmu ne. In ya fito shela, sai ya isar da gaisuwar mai gari, ya faɗi abin da ake so, da rana, da wuri, ya maimaita sau uku, ya yi gaba. Ko tsohuwar da ke cikin ɗaki ta san abin da za ta yi gobe.

Bayan Taron Ƙasa na 1991 aka buɗe ƙofa ga jaridu da gidajen rediyo masu zaman kansu, sannu a hankali suka iso Damagaram. Ni kuma karatu ya riga ya kawo ni birni, ina zaune wurin gwaggona a unguwar Zango. Nan na fara rubuta wa ƴan Kasuwar Dole sanarwar talla. Zamanin kuwa da wuya, domin an karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, kowa sai ya juya dala sau biyu kafin ya sake ta.

Aikina na farko na wani Alhaji ne mai jarkoki da bokitai. Na zauna na cika takarda da kirari, na ambato Sarki Tanimun da ganuwar Birni, na kira shi uban ƴan kasuwa. Aka karanta a rediyo kwana uku, shiru. Da na je, sai ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, kin yabe ni, na gode. To, matar da ke neman jarka, ina za ta same ni?"

A daren nan maganar Inna ta dawo mini. Na tuna matan da nake gani da asuba a layin famfo, domin ƙishin ruwan Damagaram ba ɓoyayye ba ne. Na zaɓi mace ɗaya a zuciyata, na rubuta mata: "Uwargida, ruwan da kika sha wuya kika samo, kada ya zube a hanya. Ga jarka mai murfi, ba ta yoyo. Ranar Alhamis ki zo Kasuwar Dole, layin masu roba, rumfa ta uku." Na sa kuɗin a fili. Alhamis ɗin nan sai da Alhaji ya kira yaron maƙwabcinsa ya taya shi miƙa kaya.

Akwai aikin da na ƙi. Wani mai magani ya so in rubuta cewa kwalba ɗaya tana warkar da ciwo goma. Na mayar masa da jikkarsa, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma masu sauraron nan iyayena ne da maƙwabtana.

Yanzu jikata tana sayar da turaren wuta ta WhatsApp. Kwanan baya ta nuno mini tallarta, hotuna reras, kalmomi masu daɗi. Na karanta har ƙarshe, sannan na ce, "Uwata, wa kike yi wa magana? Nawa ne? Ina za a same ki?" Ta karɓi wayar ta soma gyarawa, ni kuma sai ƙamshin ƙulin Inna ya dawo mini.