"Wa ya ba ka wannan?"

Tambayar nan gajeruwa ce, amma ta yi ƙaranci a gidajenmu. Yaro ya dawo daga lakkol da bik ɗin da ba mu saya masa ba, mu gani mu kau da kai. Wani uban har ya yi murmushi ya ce: "Wannan yaro akwai wayo."

Tun da na fito makarantar horon malamai nake riƙe da alli, kuma ban taɓa ganin ɗalibin da ya soma sata da babban abu ba. Daga alli ake farawa, sai kaye, sai dala ashirin ta abin karyawa, sai satar amsa ranar jarrabawa. In na kira iyaye, iri biyu nake gani. Akwai uwar da za ta riƙo hannun ɗanta ta sa shi ya mayar da abin, ya nemi gafara. Akwai uban da tun daga bakin ƙofa yake rantsuwa ɗansa bai taɓa ɗaukar ko allura ba. Ɗan na biyu ne nake tsoron gobensa.

Ni Kirista ne, kuma labarin Yakubu a Littafin Farawa yana tsaya mini a rai. Uwarsa Rifkatu ce ta sa masa tufafin Isuwa da fatar ɗan akuya, ya ruɗi tsohonsa Ishaku da ba ya gani, ya karɓe albarkar wansa. Bayan shekaru, ƴaƴan Yakubu suka sayar da Yusufu, suka tsoma rigarsa cikin jinin akuya, suka kawo wa ubansu. Da riga da akuya ya ruɗi ubansa, da su aka ruɗe shi.

Yaro ya fi koyo da ido bisa ga kunne. Yana ganin tiyar da muke awo da ita in muna saye, da wadda muke fiddowa in muna sayarwa. Yana ji lokacin da muka aike shi ya ce wa mai bin bashi ba mu gida.

Duka kaɗai yana koya masa ɓoyewa ne. Zakka mai karɓar haraji, a Luka sura 19, da ya tuba sai ya ɗauki alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Iyaye da ƴan'uwana malamai, mu koya wa yara mayarwa, mu raka su ba tare da tozartawa ba. Yau da marece, mu buɗe jakar lakkol tare da su, mu yi tambayar.