Motar Abbansu ta yi tsawo, ni da Hajiya muka ji a jikinmu

Ranar da Abbansu ya dawo da motar daga gareji, yara ne suka fara ganinta. Suka shigo da gudu suna cewa, "Umma, motar Abba ta girma!" Na leƙa waje, Hilux ɗinmu ce dai, amma ta miƙe kamar raƙumi. An ɗaga ta inci biyu, an sa mata manyan tayoyi, an kuma cire matakalar gefe, wai ita ce ke karo da ƙasa duk lokacin da zai tsallaka kwazazzabo. Ban ga laifinsa ba. Ƙauyensu yana can bayan Gumel, rairayi da rani, zaizaya da damina, kuma sau biyu cikin motar yana zama a kan yashi sai an kira samari sun tono ta.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne ina da ciki wata bakwai.

Inci biyu a baki ba wani abu ba ne. Amma ki haɗa da tsawon sababbin tayoyi, ki cire matakala, sannan ki ɗauro zani da dogon hijabi. Shi namiji da wando, tsalle ɗaya ya shige. Ni kuwa sai na kama ƙofa, na kama kujera, na tattare zani a gaban maƙwabta. Sauka ta fi hawa tsoro, domin ciki ya tare mini, ba na ganin inda ƙafata za ta dira. Kullum a ɗakin awo ni ke gaya wa mata cewa jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi suna saki lokacin goyon ciki, nauyi ya koma gaba, kuma faɗuwa a kan ciki tana iya sa mabiyiya ta ɓanɓaro kafin lokacinta. Ga ni ina dirowa daga mota kamar yaron gawayi.

Hajiya, surukata, ba ta yi gardama da kowa ba. Ta dubi motar, ta dubi ɗanta, ta ce a ɗauko mata kujerarta 'yar tsuguno. Tun daga ranar kujerar ta zama 'yar tafiya. Muna dariya, amma raina bai kwanta ba, domin kujera a kan yashi tana gocewa, kuma na yi jinyar tsofaffi mata da yawa da ƙugu ya karye daga faɗuwar da ba ta kai wannan ba. Ƙashin mace yana rage ƙarfi bayan ta daina al'ada. Wasu in sun kwanta, tashin sai ikon Allah.

Bayan Babbar Sallah muna dawowa daga ƙauye, kafin mu hau kwalta, tayar gaba ta yi faci. La'asar ta yi sanyi, ga yara uku a baya, ga Hajiya. Abbansu ya fito da jak ɗin da ya zo da motar, ya sa, ya murza har ya ƙure. Taya tana nan zaune a ƙasa. Sai a lokacin muka gane cewa an ɗaga mota an manta da jak. Ƙarfen ƙarƙashin motar da ake tokara ya yi sama, kuma tayar tana ƙara saukowa yayin da jikin motar ke tashi. Ga yashi yana haɗiye gindin jak ɗin.

Ya fara tattaro guntayen bulo zai jera a ƙarƙashi. Na ce, "Don Allah Abbansu, kar ka yi." Ba na yi masa musu a gaban mahaifiyarsa, amma ranar na yi. Na taɓa karɓar wani matashi a ɗakin gaggawa da mota ta zame daga kan bulo ta danne masa ƙirji. Bulon siminti ba ya sallama kafin ya fashe.

Wani dattijo da ke dawowa daga gona a amalanken shanu ne ya fitar da mu. Ya sa aka sauko da kowa daga motar, aka ja birkin hannu, aka sa giya, aka yi wa tayoyin baya waigi. Ya ciro wani katako mai kauri daga amalankensa aka shimfiɗa a ƙarƙashin jak. Abin da ya rage kuma, ya ɗauki fartanya ya haƙe yashin da ke ƙarƙashin tayar har ta saki. Ya ce, "In mota ta ƙi hawa sama, ai sai ƙasa ta sauka." Mun shigo gida bayan Isha'i.

Washegari Abbansu ya ce zai sayi dogon jak ɗin nan, Hi-Lift, wanda ake gani ɗaure a jikin motocin sahara, tsawonsa inci 48. Na zauna na yi karatunsa kamar zan rubuta jarrabawa. Yana ɗaga mota sosai, yana fitar da ita daga laka. Amma gindinsa ƙarami ne, mota tana iya karkacewa a kansa, kuma wajen saukewa, in mariƙin ya kufce yana harbawa sama ya sami mutum a haɓa ko haƙora. Sannan sai da wurin da zai kama. Matakalar kasuwa ta alminiyam, mai sheƙi, an yi ta ne don ƙafar mutum, in aka tokare ta da jak lanƙwashewa za ta yi. Wadda ke ɗaukar nauyin mota ita ce ta bututun ƙarfe mai kauri da aka ɗaure a jikin manyan ƙarafan ƙarƙashin motar.

A nan muka yi ciniki. Shi ba ya son abin da zai rage wa motar tsawo, ni ina son abin takawa. Muka je wajen mai walda tare, da cikina da komai, na tsaya na nuna masa inda ƙafata take kaiwa. Aka yi ta bututu, manne kusa da jikin motar, ta ɗan fito waje yadda tafin ƙafa zai zauna, aka sa mata faranti mai kaushi a sama saboda santsin damina. Ba ta yi ƙasa yadda nake so ba. Ba ta yi sama yadda yake so ba.

Jak kuwa, mun sayi na mai, mai siffar kwalba, wanda ya fi tsohon tsawo, da katako mai faɗi na shimfiɗa masa. Na dage sai da muka gwada shi a ƙofar gida: aka sace iskar taya don a ga ko zai shiga ƙarƙashi, aka ɗaga don a ga ko zai kai tsawon taya mai iska. A nan na koyi cewa ana sassauta notuna tun taya tana ƙasa, kuma ana tura tayar da aka cire a kwance ƙarƙashin mota, ko da jak zai goce. Hi-Lift ɗin har yau Abbansu yana kallonsa a waya.

A wannan matakalar na taka daren da naƙuda ta tashi, hannuna ɗaya a kafaɗarsa. Hajiya ma yanzu ita take takawa, amma ta hana a sauke kujerarta. Tana can bayan mota, kusa da katakon jak.