Kafaɗar Jika da Keken Dogarawa

Da hantsi, bayan ma'aikata sun shige ofis yara sun tafi makaranta, titunan birnin Bonn da ke Jamus na tsofaffi ne. Za ka gan su ɗai-ɗai, maza da mata, wasu sun haura tamanin, wasu sun doshi casa'in, kowa yana tura wani ɗan keke mai taya huɗu a gabansa. Ba hawansa ake yi ba, ba kuma wani ke tura mutum a kai ba. Tsoho da ƙafarsa yake tafiya, ya dafa mariƙai biyu masu birki, nauyin jikinsa ya rabu tsakanin ƙafafu da hannuwa. A tsakiya akwai ɗan mazauni, a gaba kuma kwando ko jakar zuba cefane. Jamusawa suna ce masa Rollator, mu kira shi keken dogarawa. Yawansa ya kai a bakin gidan burodi ko ɗakin jiran likita ka tarar an jera su reras, kamar takalma a ƙofar masallaci.

Mai son ganin aikin abin ya je tashar bas. Mota tana tsayawa sai ta saki iska, ta ɗan rusuna ta ɓangaren ƙofa har bakinta ya kusa daidaita da dakalin titi. Tsohuwa ta matso ƙofar tsakiya, ta taka wani ɗan ƙarfe da ke jikin tayar baya, tayoyin gaba su ɗaga, ta ɗora su ciki, ta bi da na baya. Sai ta kulle birki, ta nemi kujera ta zauna, hannu ɗaya riƙe da keken. Ba ta zama a kan mazauninsa cikin mota, don birki ɗaya direba zai taka ta kife. In an zo sauka, da baya take fitowa: ita za ta fara sauka tana riƙe da ƙarfen ƙofa, sannan ta jawo keken. Duk wannan ba da ka take yi ba, koya mata aka yi. Kamfanonin sufuri da 'yan sanda da ƙungiyoyin kiyaye haɗurra sukan ware rana, a kawo motar bas ba fasinja a ajiye a dandali, tsofaffi su yi ta gwada hawa da sauka har hannu ya faɗa.

In ka miƙa hannu za ka taimaka, sau da yawa murmushi za ta yi, ta ce ta gode, za ta iya. Ga wanda ya tashi a inda barin tsohuwa ta ɗauki ko da buta abin kunya ne ga duk yaron da ke wurin, amsar nan tana da nauyi a kunne. Amma a cikinta bambancin namu da nasu yake kwance.

Ba a Jamus aka ƙirƙiro keken ba. Wata mata ce 'yar ƙasar Suwidin, Aina Wifalk, wadda cutar shan inna ta kama tana da shekara 21, tana tsakiyar koyon aikin jinya. Ta yi shekaru fiye da ashirin tana tafiya da sanduna biyu, har kafaɗunta suka gaji suka fara ciwo. A 1978, a garin Västerås, ta fito da zanen abin da zai ɗauke wa kafaɗa wannan wahala: a ƙara wa ƙarfen dogarawa manyan tayoyi, a sa masa birki, a yi masa wurin zama don hutawa a hanya. Ta ƙi yi wa ƙirar rajistar mallaka, don kowane kamfani ya iya ƙerawa, abin ya wadata. Ta rasu a 1983, kafin ta ga yadda ya cika Turai. Jamus ma sai a farkon shekarun 1990 ya fara bazuwa, kuma tsofaffin nan ba da gudu suka karɓe shi ba. Su ma sun yi ta jin nauyin a gan su da shi, har yawan masu turawa ya kashe kunyar.

Samunsa ba wuya. Kusan kashi 90 cikin 100 na mutanen Jamus suna cikin inshorar lafiya ta hukuma, tsarin da ya samo asali tun 1883, zamanin Bismarck. Likita zai rubuta takarda, a kai shagon kayan jinya, inshora ta biya, abin da zai fita daga aljihun tsoho bai wuce Yuro 5 zuwa 10 ba. Wanda ake bayarwa a haka yakan zama na ƙarfe mai nauyin kilo 10 ko kusa da haka, kuma sau da yawa aro ne, in buƙata ta ƙare a mayar. Mai son marar nauyi, na alminiyom mai kilo 7 ko na kabon mai kilo 5, sai ya yi ciko. A shagon za a daidaita tsayin mariƙan da wuyan hannun mutum yana tsaye, a nuna masa ya riƙa tafiya a tsakanin tayoyin baya, kada ya tura keken can gaba ya bi shi a duƙe, don wannan shi ke kayar da mutane. Akwai kuma inshorar kula da gajiyayyu, wadda aka kafa a 1995, tana ba da tallafin da ya kai kimanin Yuro 4,000 don gyaran gida: a fasa dokin ƙofa, a cire bahon wanka a yi wurin wanka daidai da ƙasa, a kafa ƙarfen riƙo a bango.

Ba tsabar tausayi ya sa suka yi wannan tanadi ba, dole ce. Sama da kashi 20 cikin 100 na mutanen ƙasar sun kai shekara 65, kuma kusan ɗaya cikin uku daga cikinsu shi kaɗai yake zaune a gida. Maƙwabciyata ta haura tamanin, mijinta ya rasu, ɗanta yana wani gari mai nisa, sai waya da ziyarar Kirsimeti. In ba ta fita ta sayo burodi ba, ba mai sayo mata. Akwai ranakun da mai karɓar kuɗi a kanti ita ce kaɗai ɗan Adam da za ta yi magana da shi. Kaɗaicin ya kai a Holan, maƙwabciyar Jamus, kamfanin kantuna na Jumbo ya ware layin biyan kuɗi na musamman tun 2019, don waɗanda suke son a ɗan taɓa hira da su ba a hanzarta su ba. Saboda haka kada kyan keken ya ruɗe mu. Gurbin mutane ya cike, kuma ba ya gaisuwa, ba ya tambayar ya aka kwana.

A gida lissafin daban ne. Waɗanda suka kai 65 a Najeriya kusan kashi 3 ne kacal cikin 100, a Nijar ma ba su kai haka ba. Tsoho ɗaya, yara goma. Abin dogarawarsa sanda ce, kuma sanda a wurinmu ba ta rage wa mutum daraja: sarki yana riƙe ta, liman yana hawa mumbari da ita, makiyayi ba ya rabuwa da ita. In sanda ta gaza, ga kafaɗar jika. Yaro ya zo ya tsaya, kaka ya dafa shi, ana tafe ana tsokanar juna, yana ce wa yaron rago, yaron yana ce masa ya tsufa ya bar masa amarya. Babu inshorar da za ta iya biyan wannan.

Sai dai kulawar tamu tana da wani gefe da ba mu cika dubawa ba. Ka lura da dattijo a ƙofar gida bayan la'asar. An yi rasuwa a bayan layi, yana son ya je gaisuwa. Ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, ya miƙe da ƙyar, ya laluɓo sandarsa. Kafin ya yi taku uku babban ɗansa ya tare shi: "Haba Baba, ina za ka da wannan ƙafar? Zauna ka huta, ni zan je in isar maka." Ya koma ya zauna. Gobe ya tashi zai ɗebo ruwan alwala, surukarsa ta ƙwala wa yaro kira: "Kai, kana kallo Alhaji zai tashi? Karɓi butar!" Ta wajen mata ma haka ne: "Inna, me za ki yi a gidan suna da wannan ciwon gwiwa? Za mu kawo miki naki tuwon." Duk maganganun nan ladabi ne, kuma don Allah ake yin su. Amma jimillarsu ita ce tsoho ya koma kan tabarma. Daga masallacin Juma'a ya dawo na unguwa, daga nan ya dawo zaure, daga zaure ya shige ɗaka. Mu ne muke cewa zumunta a ƙafa take, mu ne kuma muke karɓe wa tsofaffinmu ƙafar.

Jiki kuwa ba ya yafe zama. Naman cinya da ba a mora shi yana zubewa, kuma a jikin tsoho yana saurin zubewa, yana wuyar dawowa. Ƙafa ta yi rauni, mutum ya ji tsoron faɗuwa, tsoro ya ƙara zaunar da shi, zama ya ƙara raunana ƙafar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka kai 65 yakan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma faɗuwa tana kashe mutum kimanin 684,000 duk shekara a duniya, sama da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Duk wanda ya taɓa jinyar tsohon da ya karye a ƙugu ya san sauran labarin: a kai wa maɗori ko a nufi asibitin ƙashi na Dala, sai doguwar kwanciya, sai gyambon baya, sai ciwon huhu. Mu ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, amma santsin banɗaki shi ya zama sanadi. Abin mamaki, sababbin gidajenmu sun fi tsofaffin haɗari. Ɗa ya samu buɗi ya gyara wa mahaifiyarsa ɗaki, ya shimfiɗa tayil mai sheƙi har banɗaki, wurin da za ta shiga da jiƙaƙƙen silifa sau biyar a yini ko fiye.

Kafaɗar jikan ma ta fara wuya. Yaro yana boko da safe, Islamiyya da yamma. Manyan 'ya'ya suna Abuja da Legas da Yamai, wasu muna nan ƙasashen waje, kuɗi ne kawai ke zuwa ta waya. Kiɗa ya canza, rawar kuwa tana nan yadda take.

To, sai mu cika jirgi da keken dogarawa mu aika gida? Nan ma da sauran magana. Keken nan ɗan shimfiɗaɗɗiyar hanya ne. Ko a Jamus, inda doka ta sa 1 ga Janairun 2022 a matsayin wa'adin da motocin haya na gwamnati da tashoshinsu za su zama masu shiguwa ga kowa, har yanzu tsofaffi suna kokawa da titunan da aka daɓe da duwatsu, da na'urar hawa bene da ta lalace a tashar jirgi. Ka ɗauko shi ka kai lungun Kano ko Zariya ko Damagaram: dokin ƙofa a zaure, wani a soro na biyu, kwata a bakin gida, rairayi a hanya, taɓo da damina, ga babura da 'yan adaidaita sahu. Ƙananan tayoyinsa za su nutse tun bai bar ƙofar gida ba. Najeriya tana da dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su yi hanyar da mai keke zai iya shiga. Wa'adin ya cika, kowa kuma ya san matattakalar bankin unguwarsu da ta sakatariyar ƙaramar hukumarsu.

Duk da haka ba hannu rabbana muke ba. A Kano, waɗanda shan inna ta naƙasa, cutar da ta kama Aina Wifalk, sun daɗe suna walda keken guragu mai taya uku wanda ake tuƙawa da hannu, ƙirar da ta dace da ramukan titinmu. Hannun da ya iya wannan ba zai kasa ƙera abin dogarawa mai faffaɗar taya da mazauni ba, wanda zai ratsa rairayi, mai gyaran keke na bakin kasuwa kuma ya iya gyara birkinsa. Batun kunya ma ba zai gagara ba. Dattijon da yake ƙin abin dogarawa a unguwa shi ne yake yarda a tura shi a keke wurin ɗawafi da Safa da Marwa, kuma kujerun roba sun shiga sahun masallatanmu ba wanda ya ce uffan.

Abin da ya kamata mu ɗauko daga Jamus ya fi keken sauƙin ɗauka. Su sun ɗauki tafiyar tsoho da ƙafarsa a matsayin abin da ake yi wa tanadi, a kashe masa kuɗi, a koyar da shi. Mu da muke aika kuɗin magani duk wata, mu ware wani abu a kira magini ya rage tsayin dokin ƙofa, mai walda ya kafa ƙarfen riƙo a banɗaki da wurin alwala, a ɗora faffaɗan siminti a kan kwatar ƙofar gida, a sa fitila a hanyar makewayi, a sa wa sanda roba a gindi, a kuma nuna wa mai ita ya riƙe ta a hannun da ke ɓangaren lafiyayyar ƙafa. In gidan da hanyar sun gyaru, keken ma ya zo. Jamusawa sun yi duk wannan ne don ba su da mai riƙe tsoho. Mu muna da shi, kuma inda aka haɗa mai riƙewa da gyararriyar hanya, tsohonmu zai fi nasu morewa nesa ba kusa ba. Sharaɗin kawai shi ne, in Baba ya miƙe zai je gaisuwar mutuwa, a bar ce masa ya zauna. A ce masa: "Bismillah Baba, mu je in raka ka."