Gadar Johor: Inda Singafo Da Maleshiya Ke Ci A Ƙwarya Ɗaya

Duk matafiyin da Allah Ya kai shi birnin Johor Baru, can ƙarshen kudancin Maleshiya, in yana son ganin abin mamaki, to ya yi sammako ya tsaya bakin gadar da ta haɗa birnin da tsibirin Singafo. Tun da asuba zai ga babura kamar farin ɗango, ga manyan motoci maƙare da kayan lambu da ƙwai, kowa na gaggawar ƙetarewa. An ƙiyasta mutum wajen 300,000 ke bin ta kowace rana.

Ita wannan gada ba irin wadda muka saba gani ba ce, domin duwatsu aka yi ta jibgewa cikin teku har aka sami hanya. Tsawonta ya ɗara kilomita ɗaya kaɗan, an kuwa yi bikin buɗe ta a 1924, zamanin mulkin Ingila. A 1942 sojan Ingila suka fasa ta don tare sojan Japan, amma hakan bai hana a ci tsibirin ba.

A kanta akwai titin mota, da hanyar jirgin ƙasa, da manyan bututan ruwa. To, mai karatu, a nan maganar take. Singafo ta rabu da Maleshiya ranar 9 ga Agusta, 1965, bayan rashin jituwa mai tsanani, amma ba a rufe famfo ba. Bisa yarjejeniyar 1962, wadda za ta ƙare a 2061, Singafo na da ikon ɗibar galan miliyan 250 kullum daga kogin Johor, a kan sen 3 kowane galan 1,000. Shugabannin Maleshiya, musamman Mahathir Mohamad, sun sha kukan cewa kuɗin ya yi araha ƙwarai. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, amma ruwa bai daina gudu ba.

Dalilin wannan zirga-zirga a fili yake. Singafo na da jari da tashar jiragen ruwa da ke cikin mafi girma a duniya, amma ba ta da fili. Johor kuwa na da fili da ruwa da ma'aikata. A 2024 dalar Singafo ɗaya ta fi ringgit uku, saboda haka magidanci kan yi aiki a tsibiri, ya kwana a Johor inda haya ke da sauƙi.

Wannan cuɗanya ita ce ƙungiyar ASEAN ke neman yaɗawa. An kafa ta a Bankok ranar 8 ga Agusta, 1967, da ƙasashe biyar: Indunusiya, Maleshiya, Filifin, Singafo da Tailan. A 1992, a birnin Singafo, suka amince su riƙa rage kuɗin kwastan a tsakaninsu. Da shigar Timor ta Gabas a 2025, ƙasashen ƙungiyar suka cika 11. A watan Janairun shekarar kuma Maleshiya da Singafo suka sa hannu kan kafa yankin tattalin arziki na musamman a Johor.

Amma fa dogara ga maƙwabci na da tasa wahala. Da annobar korona ta sa aka rufe iyaka a Maris 2020, dubban ma'aikata sun rabu da iyalansu, ba a buɗe sosai ba sai Afrilun 2022. A watan Yunin wannan shekara Maleshiya ta hana fitar da kaji, Singafo kuwa wajen kashi ɗaya cikin uku na kajinta daga can take samu, masu sayar da shinkafa da kaza suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi.

Duk da haka ba a rushe gada ba, sai ma ƙari ake yi. An buɗe ta biyu a Tuas a 1998, an kuma ɗauki aikin sabon jirgin ƙasa da zai ƙetare mashigin. Shugabanni na iya musu kan kuɗin ruwa, amma mai babur da ke jiran layi da asuba ya san abincin gidansa na tsallaken teku.